Mai Kiwon Kifin Teku, Ruwa Yake Kiwo

Ran Alhamis, 11 ga watan Janairu, 2007, ma'aikatan wani katafaren gidan kallon kifi da ke birnin Atlanta, cikin Jihar Jojiya ta ƙasar Amurka, suka ga abin da suka daɗe suna fargaba. Ɗaya daga cikin manyan kifayen gidan, wanda suka laƙaba wa suna Ralph, ya daina iyo. Likitocin dabbobi suka rufu a kansa, suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ina! A daren ranar ya mutu. Tsawonsa ƙafa 22 ne, alhali kuwa bai ma gama girma ba. Bayan wata biyar, ran 13 ga watan Yuni, abokin zamansa mai suna Norton ya bi shi.

Wannan gida ba shi da ƙarancin kuɗi, ba shi da ƙarancin abinci ko ƙwararrun ma'aikata. A lokacin kuwa babu gidan kifin da ya kai shi girma a duniya duka. To, me ya kashe kifayen nan biyu? Amsar tana cikin ruwan da suke zaune a ciki, da abincin da suka daina ci, da kuma maganin da aka zuba don a taimake su. Labarinsu darasi ne ga duk mai ajiye kifin teku, ko a babban gidan kallo, ko a ɗan akwatin gilashi na ado a falo.

BAƘI DAGA TAIWAN

Ralph da Norton wani irin kifi ne na dangin shak, wanda Turawa ke kira welshak. Shi ne mafi girman kifi a duniya, don yana iya kai mita 12, har ma ya wuce. Bayansa shuɗi-shuɗi ne mai duhu, da ɗigo-ɗigon fari kamar na zabuwa. Duk da girmansa da faɗin bakinsa ba ya cin mutum, ba ya ma cin babban kifi, domin maƙogwaronsa ƙanƙane ne ƙwarai. Sai dai ya buɗe baki ya zuƙi ruwa, ya tace ƙananan halittun da ke ciki, kamar ƙwan kifi da 'yan mitsi-mitsin jatan lande, ya haɗiye, ruwan kuma ya fice.

A wancan zamani masuntan tsibirin Taiwan suna da izinin kama wani adadi na wannan kifi kowace shekara don sayar da namansa. Daga cikin wannan adadi aka sayi Ralph da Norton a shekarar 2005, aka sa su cikin manyan tankuna, aka ɗauko su a jirgin sama na kaya, tafiyar mil dubu takwas ko fiye, har Atlanta. An gina gidan ne da kyautar dala miliyan 250 da wani attajiri mai suna Bernie Marcus ya bayar, aka kuma buɗe shi ran 23 ga watan Nuwamba, 2005. A watan Yuni na 2006 aka ƙaro mata biyu daga Taiwan ɗin, aka sa musu suna Alice da Trixie.

TEKU A TSAKIYAR GARI

Atlanta ba ta bakin teku. Daga nan zuwa gaɓa mafi kusa tafiyar kilomita 400 ce ko kusa da haka. Saboda haka ruwan da kifayen suke ciki haɗa shi aka yi: ruwan famfo na gari aka tace, aka cire masa sinadarin kulorin da ake sawa don kashe cuta, wanda shi kansa guba ne ga kifi, sa'an nan aka dama shi da gishiri na musamman. Tankin da aka yi wa welshak yana da tsawon mita 87, da faɗin mita 38, zurfinsa kuma daga mita 6 zuwa 9. Yana cin ruwa galan miliyan 6.3, watau kusan lita miliyan 24.

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. In aka yi lissafi da wannan ma'auni, tankin nan kaɗai zai lashe gishiri tan 800 ko fiye, watau lodin tirela ashirin da wani abu. Gishirin miya kuwa ba ya yin wannan aiki shi kaɗai, domin ruwan teku ya ƙunshi wasu ma'adinai da dama, kamar magnesiyam da kalsiyam da potasiyam, kowanne da gwargwadonsa, kuma jikin kifi ya saba da wannan gwargwado tun asalin halittarsa.

Dalilin wannan tsanani kuwa shi ne yadda jikin kifin teku ke aiki. Jinin yawancin kifayen teku bai kai ruwan da ke kewaye da su gishiri ba, don haka kullum ruwan jikinsu tsiyayewa yake yi zuwa waje. Tilas su riƙa shan ruwan tekun, sa'an nan su fitar da gishirin ta mashaƙarsu, watau jan naman nan da ke ƙarƙashin kumatun kifi wanda yake numfashi da shi. Tarwaɗa da karfasa na kogi akasin haka suke, ruwa ne ke shiga jikinsu, su kuwa suna fitar da shi ta yawan fitsari. Dangin shak suna da tasu dabara dabam, suna tara sinadarin yuriya a jininsu don ya daidaita su da teku. Ko wace dabara kifi yake bi, in gishirin ruwa ya hau ko ya sauka farat ɗaya, sai jikinsa ya rikice. Shi ya sa idan ruwan akwati ya ragu saboda tururi, da ruwa marar gishiri ake cika shi, gama ruwan ne ya tashi, gishirin yana nan inda yake.

Akwai kuma batun iska. Ruwan gishiri ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan kogi, yana gaza shi da misalin kashi ɗaya cikin biyar, kuma gwargwadon ɗumin ruwa gwargwadon raguwar iskar. Kifayen ƙasashe masu zafi kuwa ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27 suke so. Tun a shekarar 1846 wata Baturiyar Ingila mai suna Anna Thynne ta gano muhimmancin iskar nan. Ta kawo halittun murjani masu rai daga gaɓar Torquay zuwa gidanta a Landan, ta sa mai yi mata aiki tana sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban taga kowace rana, halittun suka rayu wajen shekara uku. Aikin da mace ɗaya ta yi da hannu, shi ne injunan famfo ke yi yau dare da rana. In wutar lantarki ta ɗauke babu injin ko-ta-kwana, rashin iska ne ke fara kashe kifi, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i kaɗan.

GUBAR DA KIFI KE YI WA KANSA

A teku, ƙazantar kifi ɓacewa take yi cikin ruwa marar iyaka. A tanki kuwa, kome girmansa, kifi yana zaune ne cikin bayan gidansa. Yawancin kifaye suna fitar da sinadarin amoniya ta mashaƙa, haka kuma kashinsu da ragowar abincin da ya ruɓe duk amoniya suke komawa. Wannan sinadari yana ƙona mashaƙar kifi, yana taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya yi kisa. Masu kiwon tarwaɗa a kwamin siminti sun san wannan wari da irin ɓarnarsa. Sai dai a ruwan teku abin ya fi muni, domin ruwan ya karkata ɓangaren kanwa, yana kan 8.1 zuwa 8.3 a ma'aunin tsami da kanwa da ake kira pH, kuma amoniya ta fi dafi a irin wannan ruwa.

Maganin gubar nan wasu ƙwayoyin halitta ne, watau bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, da ke zaune a jikin duwatsu da yashi da matatar ruwa. Wani rukuni yana juya amoniya ta koma naitirayit, wanda shi ma guba ne, wani rukunin kuma ya juya naitirayit ya koma naitiret, wanda dafinsa bai kai na biyun farko ba. Ƙwayoyin nan ba sa yaɗuwa a kwana ɗaya. Sabon tanki yana bukatar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, kuma wanda ya yi gaggawar cika shi da kifi kafin lokacin, sai ya wayi gari ya tarar da su suna yawo ciki sama, ruwan kuwa garau kamar ba abin da ya faru. Hasken ruwa ba shaida ba ne, sai an ɗiba an auna.

Naitiret ɗin ma taruwa yake yi a hankali. Masu ƙananan akwatuna suna rage shi ta hanyar zubar da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan bayan kowane mako biyu ko kusa da haka, su zuba sabon haɗi mai gishiri da ɗumi daidai da na tsohon. Manyan gidaje kamar na Atlanta ba za su iya zubar da ruwa mai tsada haka ba, sai dai su yi ta zagaya shi. Ruwan yana bi ta matatun yashi, ya bi ta wasu dogayen bututu inda ake hura masa iska ya yi kumfa, kumfar ta kwashe maiƙo da dauɗa ta yi sama da su a zubar, sa'an nan a buga masa iskar ozon don kashe ƙwayoyin cuta, ya koma tanki.

CIYARWA DA LUDAYI

Abinci shi ne babbar ƙofar da ƙazanta ke shiga tanki, saboda haka ciyarwa da tsabtar ruwa ɗanjuma ne da ɗanjummai. Kuskuren da ya fi yawa ga sababbin masu kiwo shi ne yawan zuba abinci don tausayi. Abin da kifi bai cinye cikin 'yan mintoci ba ruɓewa zai yi, wanda ya ci fiye da kima kuma kitse zai zame masa a hanta.

Kowane kifi kuma da irin cimarsa. Akwai masu yini suna kiwon gansakuka a jikin duwatsu kamar awaki a saura, waɗannan sai an riƙa ba su busasshiyar ciyawar teku, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana. Akwai mafarauta, waɗanda cin sau biyu ko uku a mako ya ishe su. Kifin da ake daskarewa a ƙanƙara don ciyar da su yana rasa wasu bitamin, wasu irin kifayen ma suna ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1, don haka a manyan gidaje ake cusa ƙwayar bitamin cikin abincin kafin a miƙa. Wani abin mamaki kuma, kifin shak yana yin maƙoƙo kamar ɗan Adam in ya rasa sinadarin aidin. Iskar ozon da ake tsabtace ruwa da ita tana juya aidin ɗin ruwa ya koma wani nau'in da jikin kifi ba ya iya amfani da shi sosai, sai an ƙara masa a abinci. Ga gyaran ruwa ya jawo gyaran abinci ke nan.

Welshak kuwa ciyar da shi sai da dabara. In aka watsa abincinsa a ruwa, ƙananan kifaye dubbai da ke tankin za su wawashe. Don haka a Atlanta ma'aikaci ke shiga ƙaramin kwalekwalen roba, riƙe da ludayi mai dogon mariƙi, yana ɗibar ƙananan jatan landen da ake kira kiril da 'yan ƙananan kifaye, yana zubawa daidai bakin kifin yayin da yake biye da kwalekwalen. Ta haka ake sanin abin da kowanne ya ci, a rubuta. Wannan rubutu yana da amfani ƙwarai, gama kifi ba ya kuka, ba ya nishi. Alamar farko ta rashin lafiyarsa ita ce ƙin abinci.

CUTA DA MAGANINTA

Cutar da ta fi addabar kifin teku a tanki ita ce ta farin ɗigo. Wata ƙwaya ce, mai suna Cryptocaryon irritans a wurin masana, da ke shiga fatar kifi da mashaƙarsa, sai a gan shi kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki da duwatsu, yana haki. Bayan kwana uku zuwa bakwai ƙwayar takan saki kifin ta faɗa ƙasa, mai kiwo ya ɗauka an warke. Alhali kuwa can ƙasa ta rufe kanta cikin ƙwanso tana rarrabuwa, ɗaya ta zama ɗari ko fiye, sa'an nan su fashe su fito neman kifi. A teku kaɗan ne daga cikinsu ke dacewa da kifi kafin su mutu. A tanki kuwa kifin yana nan kusa, ba shi da wurin gudu.

Akan yi maganinta da sinadarin jan ƙarfe, amma tsakanin adadin da ke kashe cutar da wanda ke cutar da kifin tazara ce 'yar kaɗan, sai ana aunawa kullum. Jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande da ƙaguwa, dangin shak kuma ba sa jure masa. Wannan ya sa ƙwararru suka dogara ga rigakafi: duk sabon kifi a keɓe shi a wani tanki dabam na kwana 30 ko fiye, a ga yana ci, a yi masa magani a can in da bukata, kafin a haɗa shi da sauran. Wasu kifayen ma da lahaninsu suke zuwa, domin a wasu gaɓoɓin Filifin da Indonesiya, inda ake kamo yawancin kifayen ado na teku, akwai masuntan da ke fesa gubar sayanayid don kifi ya suma a kama shi cikin sauƙi, ko da yake doka ta hana. Irin wannan kifi yakan iso da kyan gani, amma cikinsa ya riga ya taɓu.

GARIN GYARAN GIRA

Wannan ya dawo da zance kan Ralph da Norton. A shekarar 2006 wasu halittu masu shan jini, dangin matsattsaku, suka addabi kifayen babban tankin. Ba yadda za a kamo kifaye dubbai a yi wa kowanne magani, sai aka zuba maganin a cikin ruwan gaba ɗaya, sau da dama. Sunan maganin tirikulofon, dangin maganin ƙwari ne, an kuma daɗe ana amfani da shi a gidajen kifi. Bayan haka Ralph da Norton suka daina cin abinci, kuma masu kula da gidan da kansu suka ce suna zargin maganin ne sanadi.

Da kifayen suka ƙi ci, sai aka shiga yi musu ɗura ta bututun roba har tsawon watanni, don kada yunwa ta kashe su. Da Ralph ya mutu aka yanka shi aka duba, sai aka tarar cikinsa ya kumbura da cuta, tumbinsa kuma ya huje, ana kuwa zaton bututun ɗurar ne ya huda shi. Norton ya ci gaba da ramewa, iyonsa ya rikice, har ranar da ya sauka ƙasan tanki ya kwanta, likitoci suka yanke shawarar ƙarasa shi don hutar da shi. Haka abin ya bi daki-daki: cuta ta jawo magani, magani ya bi ruwa ya hana cin abinci, ƙin abinci ya jawo ɗura, ɗura ta jawo rauni. Kowane mataki da kyakkyawar niyya aka ɗauke shi, amma garin gyaran gira aka rasa ido.

Alice da Trixie kuwa suka ci gaba da cin abincinsu a cikin wannan tanki. Trixie ta rayu har shekarar 2020, Alice kuma har 2021. Taiwan ta haramta kamun welshak daga shekarar 2008, a 2016 kuma Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar haɗarin ƙarewa.

Mutuwar kifayen biyu ta tayar da gardamar da har yau ba ta kwanta ba. Masu kare haƙƙin dabbobi suna cewa kifin da ke tafiyar dubban kilomita a teku, yana nutso fiye da mita dubu, bai kamata a tsare shi a tanki mai zurfin mita 9 ba. Masu gidajen kifi kuma suna cewa waɗannan kifaye da ma mahauta aka nufa da su, kuma zamansu a hannu ya ba masana damar ɗibar jininsu da nazarin halittarsu, abin da ke da wuyar gaske a tsakiyar teku.

Bayan shekara takwas, a watan Afrilu na 2015, wani abu makamancin wannan ya auku a gidan kifi na Jihar Teksas da ke birnin Corpus Christi. An zuba magani a manyan tankuna don kashe wata tsutsa mai maƙale wa kifi, sai kifaye 389 suka mutu kusan a dare ɗaya. Da aka kai garin maganin ɗakin bincike, sai aka gano cewa ko da yake an rubuta tirikulofon a jikin mazubin, abin da ke ciki haidirokwinon ne, sinadarin wanke hoto, wanda kuma ake sawa a man bilicin. Mutum in ya sha maganin da bai karɓe shi ba yana iya dainawa. Kifi kuwa a cikin maganin yake kwana, shi yake sha, shi yake shaƙa.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ga kifinsa ya ƙi abinci, ko yana haki a saman ruwa, kafin ya nemi kwalbar magani ya fara auna gishiri da ɗumi da amoniya, ya tuna me ya zuba jiya, wane baƙon kifi ya shigo makon da ya wuce. Sau da yawa a nan amsar take. Shi ya sa a manyan gidajen kifi akan keɓe ɗakin bincike na ruwa kaɗai, inda ma'aikata ke zagayawa da 'yan kwalabe suna ɗiba daga kowane tanki suna aunawa, tun kafin a buɗe ƙofa ga 'yan kallo.